Yatsan Farfesa da Jitar Mai Kanta

Ana ta yaɗawa a layinmu wai Mai Kanta ya faɗo daga katanga yana yaro, kunnensa na hagu ya guntule, likita kuma cikin gaggawa ya ɗinke masa shi a juye, shi ya sa duk sautin da ya karkace yake jin sa daidai. Ƙarya ce tsagwaronta. Ɗan kawuna ne, katifa ɗaya muka yi wa fitsari. Kunnuwansa lafiya ƙalau, girma kawai suka yi wa kan yawa. Abin da ya karkace a jikinsa hali ne, shi kuwa ba likitan da ya taɓa shi.

Sana'arsa gyaran fanka. Shagon nasa bai fi akwatin ashana ba, cike da matattun fankoki da wayar tagulla, a bayan ƙofa kuma wata tsohuwar jita na rataye. Tsirkiyarta ce ta sa kan yatsunsa suka yi kanta kamar tafin takalmi, daga nan sunan ya bi shi. Bai taɓa zama gaban malamin kiɗa ba. Wani kaset na kiɗan da ake kira buluz ya tsinta cikin rediyon da mai ita ta ƙi dawowa ɗauka, ya saurara har kaset ɗin ya nemi gafara ya tsinke. Abin da ya tsira da shi tsani ne mai hawa shida: sauti shida, a hau a sauka. Shekara ashirin bai ƙara na bakwai ba.

Duk Asabar da la'asar yana kaɗawa a ƙungiyar Babban Yaya, mai ganga, wanda sauran kayan kiɗan duka nasa ne. Wannan la'asar ita ce rayuwarsa, sauran kwanakin jiran ta yake. Lafiya lau ake har aka kawo sabon mai piyano, wani siririn mutum mai tabarau da ya yi wata shida a makarantar kiɗa, don haka muka naɗa shi Farfesa.

Aikin mai piyano a wannan kiɗa danna kod ne, wato sauti uku ko huɗu a haɗe lokaci guda. Kod uku ne kacal, a yi ta zagaya su. Mai Kanta kuwa ko kod ya sauya, shi yana nan kan tsaninsa. Rigimar a nan take: yatsan tsakiya na Farfesa na kan farin maɓalli, jitar kuma ta fitar da sautin baƙin maɓallin da ke manne da shi ta ƙasa. Su biyun su yi karo kamar awaki a ƙofa ɗaya. Sai Mai Kanta ya tura tsirkiyar sama da yatsa, sautin ya yi kuka, ya tsaya a tsakanin fari da baƙi, wurin da piyano ba ta da maɓalli.

"Malam, jitarka ta kwance," in ji Farfesa ranar farko.

"Bakinka ne ya kwance. Danna abinka."

"Wannan sautin ba ya cikin kod ɗin. A rubuce yake."

"To ka ba takardar ta kaɗa mana."

Tun daga nan ko gaisuwa babu. Farfesa ya ce wa Babban Yaya ba zai zubar da iliminsa gaban mai naɗa wayar fanka ba. Mai Kanta ya ce ya ga gawar fanka da ta fi hannun Farfesa rai. Da abin ya ishi Babban Yaya, ya buga sanda a ƙasa: Asabar mai zuwa zai saurara da kyau, wanda ke ɓata kiɗan ya kama gabansa. Kowa ya san inda abin ya dosa, don mai piyano wuyar samu gare shi, masu jita kuwa ko dutse ka jefa a kan ɗaya zai faɗa. Satin nan Mai Kanta ya haɗa wa wata mata fanka tana juyawa da baya.

Ranar ta zo, garejin da suke kiɗa a ciki ya cika. Farfesa ya zo da dabara: maimakon gardama, sai ya zame yatsan tsakiyar zuwa baƙin maɓalli, ya bi jitar. Karo ya ƙare. Komai ya daidaita sumul, kiɗan ya kwanta kamar majinyaci. Masu gyaɗa kai suka daina, wata ta fara duba wayarta, Babban Yaya yana dukan ganga yana hamma. Mai Kanta ya tura tsirkiya, ba abin da ya tare shi, sai ka ce mai dambe da labule. Ya ga Babban Yaya na kallonsa, irin kallon da ake wa wanda za a sallama.

Sai ya ajiye jitar, ya taka har gaban piyano, ya cafki yatsan Farfesa ya dangwara shi kan farin maɓalli.

"Nan za ka zauna, ɗan takarda! Wa ya ce ka ba ni hanya? Tsaya ka ƙi ni!"

"Sakar min hannu, jahili!"

"Yauwa, haka! Da wannan zuciyar za ka danna."

Farfesa ya danna don haushi, kamar zai fasa katakon. Jitar ta shigo ta ƙasa, ta goge shi, ta yi kuka, ta haura. Wani tsoho mai sanda ya miƙe ya manta sandar. Da aka gama, Babban Yaya ya share gumi ya ce ba mai tafiya, kuma duk wanda ya kuskura ya shirya su, shi zai kora.

Har yau ba sa gaisawa. Ran Litinin na leƙa shagon na ce, "Sannu gwani! Shekara ashirin, sauti shida, ɗaya ma na kuskure, sai da ka murɗe yatsan mai ilimi kafin ka tsira."

Bai ko ɗago daga fankar ba.

"Kai tun muna yara sauti ɗaya bakinka ya iya, ba a taɓa samun wanda ya taka masa rawa ba. Miƙo min filaya, ko ka matsa ka ba ni haske."