Na'urar Dangwale Ta Fitar Da Ni Daga Gandun Ubana

Edita, sallama. Ni ba marubuci ba ne, karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, in ka ga magana ta fito a karkace ka bar ta haka, yadda take a cikina ke nan. Lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikacin gidan mai ne a Gumel, kan hanyar Maigatari. Na kama famfo ina saurayi, na yi furfura ina riƙe da shi. Iyalina suna ƙauyenmu ta wajen Ɗanzomo, gida ɗaya da yayana da ƙanena. Ko bayan rasuwar mahaifinmu ba mu raba gandu ba. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, Yaya ke buɗewa ya auna wa matan gida hatsi. Sharaɗin gandu kuwa kowa ya san shi: in damina ta faɗi, kowane namiji jikinsa zai kawo gona, ba aike ba.

Tsohon kamfaninmu ba waliyyai ba ne, albashinsu bai taɓa kai ni ƙarshen wata ba. Amma sun san inda suka kafa gidan mansu. Mako guda muke yi a bakin aiki, mako guda a gida. Muna da katin asibiti har da mata da yara, muna da hutun shekara wanda kowa ke ajiye nasa sai kaka, kuma mun san in mutum ya gaji akwai garatuti. Abin da ya fi duk wannan, ranar da aka yi ruwan shuka sai mu raba kanmu biyu, rabi su hau babur su tafi gona, rabi su tsare famfo, washegari a juya. Tsohon manajanmu da kansa yake naɗe hannun riga ya ba mota mai, yana tsokanar masu tafiya cewa in gero ya yi kyau kada a manta da furarsa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Haka muka taras, haka muke yi, shi ya sa ban taɓa rasa shuka ko noma a gandunmu ba.

Sai aka wayi gari wai wani babban kamfanin mai ya saye namu, da gidajen man da tankokin da mu kanmu. Aka zo aka sake fenti, aka sauke allo aka ɗora wani. Bayan 'yan kwanaki wani jami'insu ya iso da jaka, Bahaushe ne, shadda tana ta ƙyalli. Ya bi mu sallar azahar, ya zauna a tabarmarmu ya sa hannu a kwanon ɗanwakenmu, yana ta kirana Baba. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, babu abin da zai canza sai launin riga, kawai kowa ya dangwala yatsa a sabuwar takarda don a san da shi. Akwai wani abokin aikina mutumin Gagarawa, sa'ana ne, mai taurin kai. Ya ɗaga hannu ya ce shi yana da tambaya: shekarun da muka yi ina za su, katin asibiti fa, mako-makon nan namu yana nan? Ya ce in yana nan, a rubuta a ba mu mu riƙe. Wallahi ni na hana shi. Na ce masa ya ji kunya, baƙo ya zo ya yi sahu da mu, ya ci abincinmu, sai mu tsare shi da tambaya kamar mun kama ɓarawo? Na ce mutumin da ya kai goshinsa ƙasa kusa da nawa ba zai yi mini ƙarya ba. Ni na fara dangwalawa. Da yake ni ne babba a wurin, sauran suka biyo ni, har shi mai tambayar, yana dangwalawa yana girgiza kai.

Ashe fita muka dangwala. Daga ranar mun daina zama ma'aikatan kamfani, mun koma yaran wani ɗan kwangila da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Shekarunmu aka shafe, aka ba mu wani ɗan abu da ko tunkiya mai kyau ba zai saya ba, aka ce sallamar tsohon kamfani ke nan. Matata ta kai yarinyarmu asibiti da zazzaɓi aka dawo mata da katin, wai ya daina aiki. Mako-mako ya mutu. Aiki ya koma kullum tun fitowar rana har faɗuwarta, hutu yini ɗaya, shi ma ba ka san ranarsa ba sai jadawali ya faɗo wayar sabon manaja daga hedikwata. Suka kafa wata na'ura a jikin bango, ka dangwala in ka zo, ka dangwala in za ka tashi. Da can in uzuri ya kama ka ɗan'uwanka zai tsaya maka. Yanzu wa zai ara maka yatsa?

Damina ta farko ruwan shuka ya sauka ranar Laraba. Washegari Alhamis, kasuwar Maigatari, manyan motocin shanu sun yi layi har titi. Yaya ya kira ni ya ce ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu, suna jirana da sungumi. Na je wurin manaja, yaron da na girme wa nesa ba kusa ba, na cire hula na roƙe shi yini ɗaya. Ko ɗagowa bai yi daga wayarsa ba. Ya ce na'ura ba ta san ruwa ba, kuma in zaɓa, ni manomi ne ko ma'aikaci. Na tsaya ina zuba wa motocin mutane mai ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, raina kamar ya fita. Na ba wani ɗan acaɓa kuɗi ya kai wa Yaya a ɗauki ɗan ƙwadago a madadina. Kafin la'asar ya dawo mini da su. Ya ce Yaya ya ce a gaya mini Baba bai bar mana gandu don a noma shi ta waya ba, in ɗan ƙwadago ne ɗan'uwansa to in turo shi ya zo a raba gado da shi. Noman fari ya wuce ban je ba, maimai ma haka. Duk ranar da hutuna ya faɗo in na isa an riga an gama, sai ƙanena ya tare ni da dariya yana cewa ga Alhajin famfo ya zo duba leburorinsa. Shekarar sun haƙura, amma matata ta gaya mini duk ranar awo sai ta ji maganar da za ta hana ta cin tuwon.

Da bazara ta biyu ta zo Yaya ya zaunar da ni a zaure ya ce bana in ba a ga ƙafata a ranar shuka ba, to kowa ya kama nasa. Na ji labarin jami'in nan mai shadda ya zo zagaye, na tare shi a bakin motarsa na ce ranka ya daɗe, ni ne Baban da kuka ci ɗanwake tare. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce ai ni ba ma'aikacinsu ba ne, in kai kukana wurin ɗan kwangila. Ɗan kwangila kuwa lambar waya ce kawai, ka kira ta yi ta ƙara har ta gaji. Ruwa ya sauka, na sake tsayawa a famfo, don ina tsoron in rasa albashi. Bayan kaka aka kira mai unguwa da liman aka raba. Aka yanka mini gefen gabas, jigawa zalla, inda ko a shekarar albarka gero ba ya wuce ƙugu. Aka ware tukunyar matata. Yaya ya ce ba fushi ba ne, amma ba zai iya kallon 'ya'yansa suna sunkuye a rana, nawa 'ya'yan kuma suna jiran awo ba. Na so in yi masa rashin kunya, amma bai yi ƙarya ba.

Ba a daɗe ba na je aiki wata safiya na dangwala, na'ura ta kawo ja. Na goge yatsa a riga na sake, ja. Manaja ya ce an canza ɗan kwangila, sabon ya zo da yaransa, sunana ba ya ciki, in ajiye rigarsu kafin in tafi. Babu garatuti, babu ko sannu da aiki. Mutumin Gagarawa shi ma ja ta kawo masa. Muna fita ya dafa kafaɗata ya ce ko mu jira azahar, wataƙila in suka sake yin sahu da mu su mayar da mu. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu fetur nake sayarwa a kwalba a bakin hanyar Sule Tankarkar, 'yan acaɓa ne abokan cinikina. Bana da aka yi ruwan shuka da sassafe na fita, babu mai tambayata yatsa. Hanyar jigawata ta gefen gandu take bi. Na tarar da Yaya da ƙanena da yaransu sun jeru suna sara, na yi musu barka da ruwa, suka amsa da kyau. Babu wanda ya ce in shigo layi. Na wuce da sungumina ni kaɗai.

Ban yafe wa mutanen nan ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Sun sayi famfo da tanki sun san darajarsu, mu da muka tsufa a kai ko tambayar yadda muke rayuwa ba su yi ba. Amma abin da na koya shi ne kunyar da aka raine mu da ita ta zaure ce, ta tsakanin mutanen da gobe za su sake haɗuwa. Kamfani ba ya jin ta. Duk wanda aka saye wurin aikinsa, ina roƙonsa kada ya kalli shadda ko sallar wanda aka turo. Ya tambaya da babbar murya: wa zai zama ubangidana, shekaruna ina za su, asibiti fa, yaushe ne hutuna, ranar ruwa zan iya zuwa gona? A rubuta, ya kai wa wanda ya iya karatu ya karanta masa kafin ya miƙa yatsa. In kuma akwai mai taurin kai a cikinku da ya ɗaga hannu zai yi tambaya, don Allah ku bar shi ya yi. Ni na sauke hannun namu mai taurin kan, ga shi yau in zan ga rumbun ubana sai dai in leƙa ta kan danga.