Baba Tela da Hannun Jikarsa

Shagona na kitso bango ɗaya ne da na Baba Tela, ko tari ya yi ina ji. Tun da matarsa ta rasu, bawan Allahn nan ba shi da abokin hira sai keken ɗinkinsa. Ya buɗe da safe, ya rufe da yamma, ya koma ɗakin da babu mai yi masa sannu da zuwa.

Ana nan sai 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, ta kawo masa jikarsa 'yar shekara huɗu. Wai makarantar can sun ƙi karɓarta don ba ta iya riƙe fensir ba. Ba ƙarya suka yi ba kuwa. Dunƙule shi take yi kamar muciya, ta danna har takarda ta yage, sannan ta ɓare baki. Uwar kuma ba ta da mai riƙe mata ita in ta tafi aiki.

"Baba, ta zauna wurinka," in ji ta. "Da zarar hannunta ya faɗa zan zo in ɗauke ta."

Baba Tela bai ko ba ta fensir ba. Gwangwanin maɓallai ya zazzage mata a tabarma, ya ce ta tsince ɗaya ɗaya da yatsa biyu, manya nan, ƙanana can. Da ta ƙware, ya ba ta zare mai kauri tana zura su. Daga nan sai ƙaramin almakashi da ƙyallaye, sai allin tela a kan baƙin yadi. "Uwar ɗakina" yake ce mata. Ita kuma ta riƙa ba shi umarni ba ko kunya. Wallahi na manta mutumin nan yana dariya sai da na jiyo ta ta bango.

Ni dai ban iya ɓoye abu a ciki ba. Wata rana na leƙa na ce, "Haba Baba, wai saurin me kake yi? Kai fa da hannunka kake koya mata tafiya ta bar ka. Ka ɗan ja ƙafa mana, wa zai sani?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "'Yar nan, so kike in yi ha'inci? Ban taɓa ba mutum riga hannu ɗaya ya fi ɗaya ba."

Haushi ya kama ni, na koma shagona ina tsaki.

Ranar da ya miƙa mata fensir, ta riƙe shi da yatsa uku tsaf. Sai da ta shafe takardar da tafin hannu kamar za ta yanka yadi, sannan ta rubuta harafin farko na sunanta. Shi da kansa ya kira uwar a waya ta bidiyo, ya juya mata takardar ta gani. Sati bai zagayo ba ta zo. Yarinyar tana ta murnar shiga mota, shi kuma ya tsaya bakin titi riƙe da jakarta har sai da aka karɓa daga hannunsa.

Washegari har rana ta ɗaga ban ji ƙarar keke ba. Na bar kan wata a tsefe na leƙa. Yana zaune ya sunkuya, ya lashi zare ya nufi allura, ya kuskure, ya sake lasa. Ashe idon ya daɗe da tafiya, bai gaya wa kowa ba, har 'yar da ya haifa. Duk watannin nan yarinyar ce ke zura masa.



"'Yar nan," ya ce, bai ɗago ba, "in kin gama da baƙuwarki, ki zo ki zura mini. Ba sauri nake yi ba."