Baba Kashe-Inji a Tseren Guci

Duk wanda ya taɓa hawa bayan moton mahaifina a Dungas ya san ba ya wuce mutum inji na ruri. Sai ya tsaya, ya kashe moto, ya sauke ƙafa biyu, sannan ya fara: ina gajiya, ina iyali, ina jakin nan mai ɗingishi? Daga nan 'yan kabu-kabu suka laƙaba masa Baba Kashe-Inji. Wata rana ya ɗauko Inna Dije za ta kasuwar Guci da daddawa, suka isa ana kwashe rumfuna. Tana ta masifa, ya ce, "Dije, kin gaisa da mutum nawa yau? Ai ba ki yi asara ba."

Yayana ya aiko masa da kaski, hular kwanon nan, daga Damagaram. Bai taɓa kifa shi a kai ba, ƙwai yake zubawa a ciki ya rataya a hannun moto. Wani jandarma ya tare shi ya yi masa magana, Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, tsakanin kaina da ƙwai wanne ya fi saurin fashewa?"

Da idonsa ya fara rauni abin ya daina ba ni dariya. Ran nan ya dawo rai a ɓace, wai wani a gonar Malam Sani ba shi da tarbiyya, ya gaishe shi har sau uku bai amsa ba. Mutum-mutumin korar tsuntsu ne. Na ce, "Baba, kawo makullin." Ni ce babbar 'yarsa mace, kuma ni kaɗai ke iya faɗa masa haka.

Lokacin an gama girbi, samari na shirya tseren moto da suke yi a hanyar yashi daga Guci zuwa bakin gari. Baba ya ce zai shiga. Idan ya riga ko mutum ɗaya isowa, moto nasa ne har ya mutu. Idan ya zo ƙarshe, zai ba ni makulli da hannunsa. Na yarda, don na san halin kayana.

Ya je da malafarsa da babbar riga. Samari na murɗa wuta, shi yana bin layi yana tambayar kowa lafiyar ubansa. Aka daga tuta, suka bar shi cikin ƙura.

To ashe tsoho ya daure. Mutanen hanya sun shaida ya wuce su baki a rufe, kamar mai riƙe da ruwan zafi a ciki. Ga kuma Lawali mai faci, sarƙar motonsa ta zame ya tsaya gyara, Baba ya wuce shi. Muna bakin gari muka hango malafa tafe, Lawali can baya. Na ce shi ke nan, na faɗi.

Saura kaɗan ya iso, sai muka ji injin ya mutu. Malam Habu ne, abokinsa tun na kiwo, wanda ya daɗe kwance, aka fito da shi gindin itacen bedi ya ga tsere. Baba ya sauka, ya durƙusa, ya kama hannunsa. Lawali ya wuce su fuu.

Da ya turo moton ya iso, ya miƙo mini makulli. Na ce, "Baba, da ka ƙarasa ka dawo ai."

Ya ce, "Tsere zai dawo baɗi, Hajara. Habu fa?"

Malam Habu bai ga damina ba. Baba ya bi shi bara, bai ƙara hawa moto ba, bai kuma taɓa roƙona makullin ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ranar jana'izarsa samarin tseren suka zo gaba ɗaya. Tun daga bakin gari suka kashe inji, suka turo motocinsu da hannu har ƙofar gidanmu.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa mala'iku su tarbe shi da irin gaisuwar da ya yi wa bayinSa.