Dodon da ke son yarinya ita kaɗai

Iyayen Baure, ku riƙa tambayar 'ya'yanku abin da ake faɗa musu a bakin rafi.

Jiya 'yata Rabi ta ɗauki wanki, ta hana ƙannenta binta. Na ce, "Ke, lafiya?"

"Inna, dodon ruwa ya dawo. Hayaniya ce ba ya so. Wadda ta je ita kaɗai, ba ya taɓa ta."

"In ji wa?"

"Wani mai lambu a wajen."

Da kaina na sauke mata wankin. Dodon da kakata ta ba mu labari korar yara yake daga ruwa. Wanda ke kiran budurwa ita kaɗai kuwa, ina zargin da hularsa yake yawo.

Ko ya iso garinku? Ni dai a gidana, daga yau wanki a tsakar gida, rafi kuma sai ƙafata ƙafarta.