Tabaraun da Na Ajiye Don Ranar Juma'a

Assalamu alaikum. Rabona da rubutu a shafin nan tun kafin faɗuwar damina. Mutum biyu ne suka nemi jin lafiyata, ɗayan ma kuskuren lamba ya yi. Ban yi mamaki ba. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da 'ya'yan mutane a firamare ya riga ya san saurin mantuwar jama'a.

Ido ne ya tsare ni.

Da ƙananan rubutu abin ya fara. Na sayi tabarau na tebur a kasuwar Rano, irin wanda ake gwadawa da rubutun kwalin ashana, na yi shekaru ina lallaɓawa da shi. Daga baya nesa ma ta soma dushewa. Ranar da na yi wa kututturen ɗorawa sallama a hanyar Kibiya, na san lokaci ya yi.

Ɗana Aminu, mai jan motar haya tsakanin Rano da Kano, shi ya kai ni asibitin ido a birni. Yankan kati, zaman benci, awon sukari, sai wani magani da aka ɗiga mini har hasken rana ya gagare ni kallo. Aka ce in karanta haruffan bango. Ni da na koya wa rabin garinmu Saji haruffa, a layi na uku na tsaya.

Na ji tsoro. Mahaifina da sanda ake jan shi a ƙarshen rayuwarsa.

Likitar, yarinya ce sa'ar 'yata, ta ce, "Baba, ba makanta ba ce. Shekaru ne."

Aka yanka mini tabarau mai hawa biyu, sama na hangen nesa, ƙasa na karatu. Buhun dawa biyu ya ci.

Ranar da na fara sa shi, ƙasa ta taso mini kamar za ta taɓa haɓata. Dakalin masallaci ya ƙi tsayawa inda na san shi. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya. Na cire.

Mu kuwa mun tashi a gidajen da sabon abu ba a wulaƙanta shi. Babbar riga, hula, takalmi mai kyau, duk a akwati suke kwana sai Juma'a ko ɗaurin aure. Abin da ya ci buhu biyu ba zan kai shi gona ba. Sai na ajiye shi tare da hular Juma'a, na koma wa tsohon na kasuwa. Kowace Juma'a in ɗauko, kowace Juma'a jirin ya dawo sabo fil. Na yanke cewa an cuce ni, kamar yadda aka saba.

Wata Juma'a bayan an sauko, na hau babur zuwa ɗaurin aure a Zinyau da shi a fuskata. Na dubi wani rami ta ƙasan gilashin, ya zo kusa fiye da inda yake, na taka birki a cikin yashi. Gwiwa ce kawai ta goge, sai rigar da ta yage.

Da yamma Aminu ya zo ya zare makullin.

Na ce, "Kai, babur ɗin na ubanka ne ko naka?"

Ya ce, "Na ubana ne, Baba. Shi ya sa."

Ku gane, babur ɗin nan shi ne abin da ya rage mini. Da shi nake zuwa gonata a Durba, wuri guda da nake shiga ba sai na jira wani ya ce in dawo gobe ba. In ya tafi, na zama na tabarmar ƙofar gida ke nan.

Muka koma asibiti, na tafi da faɗa a bakina. Likitar ta sake awo, ta ce gilashin daidai yake. Ta tambaye ni ko kullum nake sawa.

Na ce, "Duk Juma'a."

Ta rufe baki da hannu. "Baba, ai ba hular zanna ba ce. Ido da ƙwaƙwalwa sai sun saba. Kana ba su rana ɗaya, sannan ka ƙwace."

Ta matse ƙarfen da ke zamewa a hancina. Ta ce in sa tun daga asuba, in zan sauka dakali in sunkuyar da kai gaba ɗaya in duba ta sama, kuma in bar babur tukuna.

Na dawo gida na nemi tsohon tabaraun na rasa. Matata Hajara ta ce, "Malam, yana inda ba za ka gan shi ba, ko da sabon ne."

Makon farko da dafa bango na yi shi. Ciwon kan ya ragu a hankali. Wata safiya na je masallaci na dawo, sai da na zo wanke fuska na tuna akwai abu a kanta.

Aminu bai yarda da bakina ba. A filin firamaren da na koyar ya sa na zagaya da babur yana kallo, kamar ɗan koyo. Na haɗiye. Da na tsaya sai ya juya ya nufi motarsa, ya bar makullin a jiki.

Jiya na je Durba. Daga bakin hanya na hango tsuntsaye a kan dawata, ɗaya bayan ɗaya.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitar, na gode wa Hajara ɓarauniyar tabarau, na gode wa Aminu, Allah Ya yi masa albarka.

Shawarata: a je a auna ido, a bar na tebur. In an ba ka sabo, ka sa shi kullum, har gona. Kada ka hau babur sai ƙasa ta daina motsi. In ciwon kai ya ƙi tafiya, ka koma wurin likita.

Tsofaffin ɗalibaina masu kau da kai in mun haɗu a kasuwa, ku sani yanzu ina ganinku tun daga nesa. Ba komai. Ku dai gaida gida.