Ƙamshin da Inna Ta Sani

Ni jikar masu banda ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. A ƙauyenmu na bakin tafki, can yankin Ngaski, tun daga nesa ake gane ɗan gidanmu, don hayaƙin kifi ya kama masa riga ya kama gashi. A makaranta an yi mana tsiya har an gaji. Mu kuwa ko a jikinmu, domin mun san abin da ke jiranmu in an idar da sallar magariba.

Kakata, mahaifiyar Inna, ita ke da murhun banda a bayan gida. Idan ta jera tarwaɗa a kan raga, ta danne wuta don hayaƙi ya tashi sosai, sai ta kife turmi ta zauna, mu jikoki mu kewaye ta. Kafin ta buɗe baki sai ta ɗebi garwashi a kasko ta watsa masa kajiji, saiwar nan mai ƙamshi da take haƙowa a fadama, ta turo kaskon tsakiyarmu. Hayaƙin itace da ƙarnin kifi da kajiji su haɗu su shige zannuwanmu. Inna na gefe tana juya kifi, ba ta sa baki, amma duk tana ji. A cikin wannan ƙamshi ta girma, a cikinsa ta haife mu.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Sai ta ce, "Ga ta nan tahe cikin jirgi."

Mu amsa, "Ta iso gaɓa mu ji ta."

Wadda na fi so ita ce ta wata mai banda da ɗiyarta tilo. Wata rana yarinyar ta je wanke ƙwarya a bakin ruwa, sai ayu, ƙatuwar dabbar ruwan nan, ya ɗauke ta ya kai ta garinsu a ƙarƙashin ruwa. Can ba a cuce ta ba. Aka yi mata wanka, aka shafe ta da turare mai sanyi, aka ba ta abinci da shimfiɗa mai laushi, har ta manta sunanta da na uwarta. A tudu kuwa mutane suka taru yi wa uwar ta'aziyya, ta ƙi karɓa. Ta kwashe murhunta ta kai bakin ruwa. Kullum da yamma sai ta hura wuta, hayaƙi ya kwanta a kan ruwa. Masunta suka kai ƙara, wai tana korar musu kifi. Maigari ya aiko a ce ta kashe wutar.

A nan Kaka ke gyara zama, ta ɗaga haɓa kamar ita aka aiko wa. "Tac ce, ku koma ku gaya mai, iccena na, ɗiyata ta. Ba ni kashewa. In shina so, shi taho shi kashe da hannunai."

Maigari bai zo ba. Ana nan, wata yamma hayaƙin ya bi ramin wani kara ya gangara ƙasa. Yarinya ta yi atishawa, ta fashe da kuka, ta ce gida take so. Ta yi iyo ta fito, ta tarar da uwarta tsugune gaban murhu. Kaka ta kaɗe zane ta ce, "Ta ƙare, kan ɗan tarwaɗa."

Ni dai hukuncin bai yi mini ba. Na taɓa tambayarta me ya sa ba a kashe ayun ba. Ta harare ni ta ce, "Mi yay yi miki? Shi ma son ta yay yi. Ƙamshin da hancinta yas saba da shi na bai sani ba."

Kaka ta daɗe da rasuwa. Yanzu Inna ce tsohuwa, kuma mantuwa ta kama ta, irin wadda likita ya ce ba ta da magani. Yayana Garba, da ke aiki a Abuja, ya gina gida a Yelwa ya dawo da ita, ni kuma na dawo kusa da ita tunda a nan nake koyarwa. Bai rage ta da komai ba. Har tsoffin zannuwanta ya sa aka bayar, wai duk wankin da aka yi musu warin banda ba ya fita, ya sayo mata sababbin atamfofi. Amma da la'asar ta yi sanyi sai Inna ta rikice. Ta yi ta kai da komo tsakanin ɗaki da ƙofar gida, tana tambayata ni wace ce, kuma yaushe za a mayar da ita gida.

Garba ya aiko da man labenda, wanda ake tatsa daga wani fure na ƙasashen waje, da ƙaramar na'ura mai fesa tururinsa a ɗaki. An gaya masa yana kwantar da hankali, yana kawo barci. Ba ni da faɗa da labenda. Ni kaina in na dawo daga makaranta kaina na sarawa, ɗigo ɗaya a matashi yana yi mini daɗi. Amma ranar da na kunna wa Inna, sai ta sa hijabi ta zauna a bakin gado, takalmi a hannu.

"Warin baƙi nika ji," in ji ta. "Ki gaya ma masu gida mun gode, mu za mu tahi."

Da Garba ya ji haka ya ce ƙarshen wata zai zo ya tafi da ita Abuja, inda akwai manyan likitoci da masu jinya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta kasa gane Yelwa, inda ta yi shekaru tana kawo kifi kasuwa, ita za a kai bene a rufe?

Washegari na shiga kasuwa na sayo ɗanyar tarwaɗa da itace da kajiji, na sa aka yanko mini rabin duro don ya zama murhu. A tsakar gidan nan mai sheƙi na hura wuta. Na zaunar da Inna a inda iska ba ta kai mata hayaƙin sosai. Ta yi tari, ta zuba wa murhun ido ta daɗe. Can ta ce, "Luba, wutag ga ta yi yawa, ƙone kihin za ki yi. Rage icce."

Rabon da ta kira sunana tun daminar bara. Na juya baya na yi kukana, ita kuwa ta taso ta karɓi aikin, tana mitar ban iya komai ba. Ranar ba ta nemi ƙofa ba. Da safe ta sake manta ni, wannan ba zan ɓoye ba. Da yamma na sake hura wuta, ta sake tuna ni.

Ƙarshen wata Garba ya iso da yamma, ya tarar da bangonsa ya yi baƙi. Ya tsaya da makullin mota a hannu.

"Luba, mi na wanga? Likita ya ce hayaƙi na ɓata mata ƙirji."

"Gaskiya yaf faɗi, Yaya. Shi as sa nika aje ta bayan iska. Amma ba inda za ta."

"Uwata ta, awa yadda take taki."

"Na sani. Tambaye ta ko wa kake."

Bai kai ga tambaya ba. Inna ta ɗago ta dube shi, da shaddarsa da turarensa, ta ce, "Luba, ba baƙo wuri shi zamna, ki ɗebo mai kihi."

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Kaka labarin ɗiyar da ta ɓata ce. Sai yanzu na gane labarin wadda ta ƙi karɓar ta'aziyyar mai rai ne. Na kuma gane abin da ya sa Kaka ta ƙi a taɓa ayu, don a ranar na kalli yayana zaune a kan tabarma da kifi a gabansa ya kasa ci, na ga shi ma son Inna ne ya yi, duk fushina ya koma tausayi. Tausayin dai bai sa na sauya magana ba. Na ce masa in yana so ta san shi, ya matso kusa da wuta.

Motar ta koma Abuja babu Inna. Har yau ba ta kira sunansa ba. Amma duk zuwan da zai yi yanzu, da tsohuwar riga yake zuwa, kuma shi ke faskaren itace.