Abin da Baba Ya Duba a Garaji

Yayana ya zo gida da tsadaddiyar mota wadda ba ta shan esansi sai lantarki. Ba ta kwana biyu ba, san amalankenmu ya fasa gilashin gefe da ƙaho. Motar ba ta ƙara, bai ji zuwanta ba ya firgita.

Da za mu Tasawa neman mai sa sabo, Baba ya nace sai ya bi mu. Haushi ya kama ni. Mutumin da ko keke bai taɓa hawa ba, me zai gane?

Manyan garaji biyu muka shiga, kowa na rantsuwa ya san motar. Baba ƙasa kawai yake kallo. A na uku, wata ƴar rumfa, ya tuɓe takalmi ya zaga ko'ina.

"Nan za ka bar ta," ya ce wa Yaya. "Waɗancan ɓaraguzan gilashinsu har bakin hanya, inda yara ke bi ba takalmi. Wannan yana shara."

Nan aka bar ta. Gilashin da mai rumfar ya sa yana nan daram. Ni kuwa har yau, duk shagon da na shiga, ƙasa nake fara dubawa.